Gaisuwa Ta Biyu

Munduwar ba ta hannunta.

Abin da Malsun ta fara gani ke nan da ta buɗe ido, tun kafin ta tuna inda take. Ta ɗaga hannun hagu saitin hasken taga. Babu komai sai wani farin layi da ya zagaye wuyan hannun, inda ƙarfen ya daɗe yana tare rana. Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta kakkaɓe bargo. Daga waje tana jin teku yana numfashi kamar wani ƙato mai barci. A hankali abubuwa suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya: nan Busan ne, ɗakin masauki ne, ɗanta Sangdok ne ya kawo ta hutu, yau kuma za su koma gida Wonju.

"Maman Yerin, ina abin hannuna?"

Hyangmi, matar ɗan nata, uwar jikarta Yerin, tana durƙushe gaban jaka tana ninke kaya. Ba ta juyo ba.

"Maɓallinsa ne ya lalace, Mama. Yana wurin Baban Yerin, in mun je gida a gyara."

"Jiya lafiyarsa lau."

"To ai yau ba jiya ba ce. Ku taso in wanke muku fuska."

Sangdok da kansa ya ɗaura mata munduwar, bayan ranar da ta fita sayen awara aka tsince ta da yamma a tashar mota can ƙarshen gari, da ƙullin awarar a hannu, tana tambayar mutane hanyar wani gidan wanka da aka rushe tun tuni. An zana sunanta a jikin ƙarfen, da lambar wayarsa. Ran nan ya ce mata, "Umma, ko wanka za ki yi kada ki cire. Ko ni na ce ki cire, ki ƙi." Wannan maganar kam ta zauna mata, ita da abin da ta ci da safe ba ya kai mata tsakar rana.

Ga shi can a baranda, bayan gilashi, ya ba ɗakin baya yana zuƙar taba. Tun haihuwar Yerin rabonsa da taba.

Hyangmi ta wanke ta, ta taje mata gashi, ta yanke mata farce, ta shafa mata mai har tsakanin yatsu. Sannan ta zaro kaya daga leda, sababbi fil, har da na ciki. Riga mai kauri, wata rigar a kanta, wando biyu, da kwat mai auduga.

"Ke, mota za mu shiga ko kan dutse za mu kwana?"

"Iskar teku ce, Mama, ba ta da kirki."

"Motar mijinki rufinta ya tashi ne?"

Hyangmi ba ta yi dariya ba. Malsun ta juya wuyan kwat ɗin ta leƙa ciki. Duk tsofaffin kayanta akwai sunanta a wuya, Hyangmi ce ta bi su ɗaya-ɗaya ta ɗinka da baƙin zare. Wannan babu komai. A aljihu ta ji wani ƙulli. Magungunanta ne, an juye su a farar leda maimakon ambulan ɗin asibiti mai ɗauke da suna, kuma sun fi na yini guda yawa nesa ba kusa ba.

Ta mayar da ledar aljihu a hankali.

Ta san labarin. Kowa ya san shi. A zauren tsofaffi na unguwa ana ba da shi ƙasa-ƙasa, kullum a kan wata tsohuwa ta wani gari da ba wanda ya san sunanta: an kai ta shan iska, an zaunar da ita a benci, an ce ta jira ana zuwa. Amma ta kuma san abin da likita ya faɗa, cewa zargin mutane ma reshe ne na ciwon mantuwar da ke damunta. Ba ita ce ta yini tana kiran Hyangmi ɓarauniya a kan cokalin azurfa ba, aka zo aka samo cokalin a cikin takalminta? To wa zai gaya mata ko wannan tsoron nata ne ko na ciwon ne? Wurin wa za ta kai ƙarar kanta?

Hyangmi ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinyarta. Ta waiga baranda, sannan ta zura mata safa da sauri, ta ƙara wata safar a kai.

"Akwai tsakuwa a ciki. Wani abu na tokare mini idon sawu."

"Sabuwa ce, za ta saki." Hyangmi ta riƙe ƙafar da hannu biyu, kanta a sunkuye. "Kada ku cire, Mama. Don Allah."

* * *

Da labarin tafiyar ya bazu a zauren tsofaffi, har da masu tafi. Uwar Pansu ta taɓe baki ta ce, "Ke dai kin more, Uwar Sangdok. Ni nawa ɗan ko bakin kwata bai taɓa kai ni ba." Haka ake auna 'ya'ya a wurinsu: wanda ya kai uwarsa ganin teku, a yaba masa, wadda ta yi shekaru tana wanke wa uwar miji kashi, ba ta da hoton da za a nuna.

Babu wanda ya yi maganar gobarar, ko da yake duk sun ga hayaƙin. Malsun ta ɗora tukunya ta manta, ta ɗora tawul a kai don kada abincin ya huce. Yerin, jikarta, ita ta fasa ƙofar kicin ta janyo ta. Yarinyar na shekarar ƙarshe a sakandare, tana karatun jarrabawar shiga jami'a, yanzu da riga mai dogon hannu take yawo ko ana zafi, don ɓoye ƙunar hannunta. Bayan nan gwamnati ta turo wata ma'aikaciya ta duba ko tsohuwar ta cancanci gado a gidan kula da tsofaffi. Sai aka yi rashin sa'a ta zo ranar da kan Malsun yake garau. Malsun ta shafa hoda, ta zauna ƙyam, ta faɗi shekara da wata da sunan unguwa ba gargada, don kada a fita a ce uwar Sangdok ta haukace. Aka ce da sauranta, ba ta cancanci gadon ba. Hyangmi ta raka baƙuwar ƙofa, ta dawo ta shige banɗaki, ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba. Gidajen kula na 'yan kasuwa kuwa ba na direban babbar mota irin Sangdok ba ne.

Duk wannan Malsun ta san shi, a ranakun da take sani.

Sun bar masauki da hantsi. Sangdok ya ce sai sun ci abinci kafin su ɗauki hanya, ya kai su kasuwar kifi, wani ɗan shago a bene mai kallon jiragen ruwa. Tun daga mota Malsun ta kama gefen jaket ɗinsa, ba ta saki ba har suka zauna.

Mai abincin wata dirkekiyar mace ce da gaban-riga na roba da murya irin ta mutanen Busan, wadda in tana gaishe ka sai ka zaci faɗa take.

"Kaka, ɗanki ne wannan? Kai, ya haifu! Dubi yadda yake cire miki ƙaya. Ni nawa uku ne, ko waya ba sa yi sai na yi ƙaryar ina gadon asibiti."

Sangdok bai ɗago ba. Yana bin gasasshen kifin da tsinken cin abinci, yana zare ƙaya, yana ɗora tsokar a kan shinkafarta, yadda ta riƙa yi masa yana ƙarami. Ya sayi mafi tsada a shagon. Shi bai kai ko loma ɗaya baki ba.

Matar ta ajiye kwanon miya, idonta ya sauka a hannun Malsun. Ta kama shi ta juya ba tare da neman izini ba.

"Wannan hannun ya sha ruwa. Kifi ko wanki?"

"Gidan wanka," in ji Malsun. "Cuɗa. Babu bayan matar attajirin da ban cuɗa ba a Wonju. Da shi na yi wa wannan makaranta."

Yatsun sumul suke kamar cikin cokali. Ruwan zafi da sabulu da ƙyallen cuɗa sun cinye zanensu ƙarƙaf. Bara da suka je ofishin gunduma, na'ura ta ƙi karanta su, ma'aikacin ya ce, "Kaka, ke kam ko banki kika fasa ba mai kama ki." Sangdok ya yi dariya sosai ran nan. Yanzu ne Malsun ta tuna cewa dariyar ta tsaya masa farat ɗaya, ya tsura wa hannun ido.

Ta janye hannunta ta ɓoye a ƙarƙashin tebur. Sai ta kama surutu, da ƙarfi, don matar ta tsaya, don a ga fuskarsu, don shi kansa ya tuna ko ɗan wane ne.

"Kin gan shi nan kamar mutumin kirki? Yana ɗan mitsitsi, ranar sabuwar shekara, aka ce ya faɗi ya gaida kakansa. Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, tsohon ya ba shi alewa. Sai ɗan banza ya tashi ya sake faɗuwa, wai a ƙara masa."

"Wayyo!" Matar ta dafe ƙirji tana ƙyaƙyata dariya. "Ya binne tsoho da ransa!"

"Gidan ya yi tsit. Na ja shi bayan ɗaki na ba shi kashi. Na ce, mai rai sau ɗaya ake faɗuwa a gaishe shi, sau biyu na gawa ne. Bai ƙara ba."

Matar ta tafi tana share hawayen dariya. Hyangmi na kallon taga. Sangdok ya ajiye tsinken a hankali.

"Umma."

"Na'am."

"In wani ya tare ki ya ce ina ne gidanku, me za ki ce masa?"

Ta gane. Ko ciwon ne ke raɗa mata, ko ba shi ba, ta gane cewa wannan jarrabawa ce, kuma in ta ci za ta koma gida, don ba a yar da wanda ya san hanya. Ta buɗe baki. Sunan unguwar na nan, yanzun nan yana nan, ta miƙa hannu cikin kanta ta ɗauko shi sai ta tarar da wurin fayau, kamar kantar da aka kwashe.

"Kusa da… gidan wankan nan. Mai jan bututu."

"An rushe shi, Umma. To ni fa? Wane ne ni?"

Ta dube shi. Ta san tabon haɓarsa, ta san kunnen da ya fi ɗaya girma, ta san nauyinsa a bayanta. Sunan ne kawai babu. Sunan da ita kanta aka kira ta da shi fiye da rabin rayuwarta. Ta yi ta motsa leɓe.

"Kai ne… kai ne nawa."

Ya runtse ido. Hyangmi ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Mama, ku zo in kai ku banɗaki kafin mu tafi."

Fitsari ya cika mata mara tun a mota. Amma banɗaki na da ƙofa, ƙofa kuma ana rufe ta, in ka buɗe ba ka san abin da za ka tarar ba.

"Ba na ji," in ji ta, ta sake damƙe gefen jaket ɗin.

* * *

Ya ce su ɗan taka a bakin ruwa abinci ya faɗa. Hanyar cike take da mutane, masu ɗaukar hoto, masu tura kekunan jarirai, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren biskit. Ya wuce benci na farko, yana cikin inuwa. Ya wuce na biyu, iska ta yi yawa. Sai ya tsaya a wani da rana ke haskawa, bango ya tare masa iska. Malsun ta duba ta ga ɗan ofishin 'yan sanda a tsallaken hanya, da fitilarsa a saman ƙofa. Ta ƙara damƙe gefen jaket ɗinsa.

"Ni na gaji da teku. Mu je gida."

"Yanzu za mu tafi. Zauna ki huta."

Hyangmi ta tsuguna kamar za ta gyara mata igiyar takalmi. Ta matsa idon sawun, daidai inda abin ke tokara, har Malsun ta ce wash.

"In ƙafar ta dame ku, Mama, ku nuna wa wani ya duba muku. Kun ji? Ku nuna wa wani."

Ta miƙe ta yi gaba da sauri, hannu a baki, ba ta waiwayo ba.

Saura su biyu. Yatsun Malsun sun ƙage a jikin jaket ɗin. Ya yi ƙoƙarin ɓamɓare su, ya kasa. Hannun da ya yi shekaru yana cuɗa ba ya sakin abu da wasa. Sai ya zuge zif, ya zare hannu ɗaya, ya zare ɗayan, ya fice daga cikin rigar ya bar ta da ita. Ya lulluɓa mata a gwiwa. Aljihunan babu komai, ta ji da tafin hannunta.

"Umma, bana ban yi miki gaisuwar ranar haihuwa ba."

Nan a kan siminti, a gaban jama'a, ƙato mai furfura ya haɗa hannuwa, ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na girgiza. Wani tsoho mai sanda ya tsaya ya zunguri matarsa. "Kin gani? Ashe da sauran 'ya'ya a duniya."

Sau ɗaya, in ji Malsun a ranta. Sau ɗaya ne. Ciwon ne kawai.

Ya tashi, da ƙura a goshi. "Zan ɗauko mota. Kada ki tashi daga nan."

"In zo mu tafi tare."

"Da nisa. Ƙafarki."

"Ba zan ƙara taɓa murhu ba." Muryarta ta koma ta yarinya. "Ku kulle ni a ɗaki. Ku ɗaure ni ma, ba zan yi kuka ba. Ba na cin da yawa."

"Umma, mota kawai zan ɗauko."

Ya juya. Ta bi farar rigarsa da ido tana nutsewa cikin mutane, tana ɓullowa, tana ƙanƙancewa. Ta yunƙura, gwiwoyin suka ƙi. Can ƙarshen hanyar, inda ake kwana a shiga wurin ajiye motoci, ya tsaya. Ya juyo. Yana tsammanin idonta ba ya kai nan, ya manta cewa na kusa ne ba ta gani.

Ya haɗa hannuwa. Ya durƙusa. Ya kai goshi ƙasa.

Wata motar kaya ta gitta. Da ta wuce babu kowa a wurin.

* * *

Sangdok.

Sunan ya dawo da kansa, ba a neme shi ba, kamar kyanwar da ta gama yawonta. Pyo Sangdok. Unguwar ma ta dawo, da benen, da lambar ƙofa, da tukunyar barkonon da ke bakin taga. Komai ya dawo tsaf, yanzu da ba mai tambaya.

Rana ta sauka daga kan bencin ta koma bango. Masu hoto suka ragu. Duk farar motar da ta ɓullo sai zuciyarta ta buga, duk da abin da idonta ya gani. Ba ta san lokacin da marar ta saki ba, sai ɗumi ta ji yana bin wandunan biyu har cikin safa, sannan ɗumin ya koma sanyi. Ta ja jaket ɗin ta rufe. Haƙoranta suka fara haɗuwa.

Ƙafar ta kumbura, abin da ke cikin safar ya nutse a nama. Ta sunkuya da ƙyar, ta zura yatsa, ta zaro shi.

Munduwar ce. Maɓallinta lafiya lau.

Ta riƙe ta a tafin hannu, da ɗumin jikinta. Ashe yarinyar nan. Yarinyar da ta kira ɓarauniya.

Ofishin na nan tsallaken hanya, an kunna fitilar. Ta miƙa musu ƙarfen kawai, su buga waya, yau ta kwana a shimfiɗarta. Ta dafa bencin ta miƙe. Ta yi taku biyu, uku.

Sai ta tsaya. In sun buga, ba cewa za su yi zo ka ɗauki uwarka kawai ba. Za su tambayi wanda ya cire munduwar, da wanda ya yanke suna daga kaya. Akwai doka a kan ɗan da ya yar da mahaifi, ta gani a talabijin, an rufe wa wani fuska da hula ana tura shi mota. A zauren tsofaffi labarin zai samu suna a karon farko. Yerin za ta shiga ɗakin jarrabawa a matsayin 'yar mutumin nan. In ma an rufa asiri an mayar da ita, murhun na nan, ita ma tana nan, yarinyar kuma hannu ɗaya ya rage mata mai kyau.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ta san kanta. Duhu na yi hankalin zai tafi, kullum haka yake yi. Za ta manta da benci, ta manta da goshi a ƙasa, ta miƙa wa mutum na farko ƙarfen tana murmushi ta ce ɗana ne, ku kira shi. In za a yi, sai yanzu, tun tana nan.

Ta juya ta nufi shingen bakin ruwa. A ƙasa ruwan baƙi ne, da mai a kansa, yana lasar gindin jirage. Ta zura hannu ta tsakanin ƙarafan. Yatsun suka ƙi buɗewa. Ta sa ɗaya hannun ta ɓamɓare su.

Ƙarfen ya faɗa ruwa, ko ƙara bai yi ba.

"Wayyo Allah," ta ce, ta miƙa hannu ta bi shi, har kafaɗarta ta maƙale a shingen. "Wayyo, na fasa. Na fasa."

A haka wata 'yar sanda ta same ta.

* * *

Ofishin da ɗumi, yana warin taliyar da ake jiƙawa a kofi. 'Yar sandan yarinya ce, ba za ta girmi Yerin da yawa ba. Ta zaunar da ita kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ta ba ta ruwan sha'ir mai zafi, ta yi kamar ba ta ji zarnin ba.

"Kaka, yaya sunanki?"

Uwar Sangdok ne ya taso mata har bakin leɓe, ta haɗiye shi. Ta laluba can ƙasa ta samo ɗayan, wanda ubanta ya raɗa mata cikin fushi da aka sake haifa masa mace, rabon da a kira ta da shi tun tana amarya.

"Malsun."

"Malsun wa? Sunan gidanku fa?"

"Na manta."

"Daga wane gari? Wa ya kawo ki? Kina da 'ya'ya?"

Ta kafa wa kofin ido. Lambar wayar na yawo a kanta, tiryan-tiryan, kamar waƙa. Ta danne harshenta da dasashi.

Wani ɗan sanda mai tumbi ya zo ya juya wuyan kwat ɗinta, ya laluba aljihun jaket, ya ɗaga ledar maganin ya duba a fitila. Ya yi tsaki.

"Sababbin kaya, ba suna, magani a leda. An yanke mata farce ma. Irin masu tausayin nan ne." Ya ajiye ledar. "Ɗauko na'ura."

Yarinyar ta kama babban yatsanta ta ɗora a kan ɗan gilashi mai haske. Malsun ta daina numfashi. A allon wani toka-tokan tabo ya fito, kamar an dangwala kitse. Aka gwada manuni. Aka hura wa yatsan iska, aka goge, aka shafa mai, aka sake. Aka bi hannun dama duka, aka koma hagu.

"Babu komai, Yallaɓai. Kamar an goge da gangan."

"To kira gidan marasa galihu, ki ji ko da gado. In babu, su san yadda za su yi."

Malsun ta saki numfashi. Ba ta san ko daɗi ta ji ba. A waje hasken ya fara ja, kuma tana jin abin yana tahowa daga gefen kanta, hazon nan da ke cinye sunaye.

Yarinyar ta dawo da roba da ruwan ɗumi da tawul. Ta tsuguna ta cire mata takalmi, ta zare jiƙaƙƙun safunan.

"Kai, Kaka, ƙafar nan ta kumbura. Sa a ruwa, bari in samo miki busasshiyar safa."

Ta juya wajen kabad. Malsun ta duba ƙasa. A idon sawun, inda ƙarfen ya yini a matse, fatar ta ɗauki shatinsa: ɗan murabba'i ja, a cikinsa lambobi a jere, a juye, amma duk mai ido zai karanta.

Ta tsoma ƙafar a ruwa. Ta ja gefen tawul ɗin ta naɗe a yatsu biyu, yadda ta saba naɗa ƙyalle. Ta jira fatar ta ɗan jiƙa, don ba a cuɗa busasshen jiki. Sannan ta danna, ta fara, gajere-gajere, daga ƙasa zuwa sama.

"Ƙaiƙayi yake miki, Kaka?" in ji yarinyar daga cikin kabad.

"Dauɗa ce, 'yata," in ji Malsun, ba ta ɗago ba. "Yanzu za ta fita."